Zubi

Da aka rufe jami'a ranar Alhamis,
wasu suka nufi tashar Unguwa Uku da jakunkuna,
mu huɗu muka nufi Ƙofar Ruwa,
wani tsohon sito da aka share, aka ja masa waya,
aka rubuta a ƙofa da shuɗin fenti:
Zauren Ƙira, kowa ya shigo.
Kwanon rufin yana yoyo wuri uku.
Muka gane wuraren, muka ajiye musu bokiti.

Nafi'u ya zo da zanen mutum-mutumi mai kawo shayi.
Mansura ta zo da lissafi cike da littafi biyu.
Ebere daga Sabon Gari, sukundireba soke a kitsonta.
Ni da baki na zo,
da makin da na ci a jarrabawa,
makin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ba.

Akwai wata na'ura a kusurwa, Masaƙiya muke ce mata,
tana ɗora zaren roba layi bisa layi har abu ya tashi.
In an ɗauke wuta sai ta tsaya baki buɗe,
rabin aiki a rataye.
Yaran layi kan leƙo ta taga,
mu fitar musu da ɗan kifi, su tafi suna faɗa a kansa.

Sati na uku Iya Talatuwa ta shigo,
mayafi jiƙe, wani abu ƙunshe a tsumma.
Ta kwance: ƙarfe mai haƙora, na injin markaɗenta,
ya rabe biyu.
"Kwana tara ban kunna ba.
An ce ku 'yan boko har ƙarfe kuke haifa."
Muka auna, muka zana, Masaƙiya ta kwana aiki.
Da safe muka ɗaura. Injin ya yi tari, ya juya,
tattasai bai cika kwano ba
haƙoran suka narke kamar alewa a aljihun yaro.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.
Ta ce, "Sannunku," ta naɗe tsummanta.

Baba Tanimu mai zubin tukwane, maƙwabcinmu,
wanda kullum a tsaitsaye muke gaisarwa,
ya ɗauki narkakken abin, ya juya shi, ya shinshina.
"Siffar ta yi. Jikin ne na ƙarya.
Ku sake haifo min irinsa."
Ya danna sabon cikin danshin yashi, ya zare a hankali,
gurbi ya fito kamar sawun taya a laka.
Gwangwanayen lemon da muka sha tun farkon hutu
suka shiga kasko, suka koma ruwa mai hasken azurfa.
Mansura na kan zugazugi, gumi ya wanke lissafi.
Ya zuba. Ya ce kar wanda ya yi magana.
Ba wanda ya yi, har ni.

Da la'asar injin ya tashi.
Ƙarar da unguwa ke ƙorafi a kanta kullum,
ran nan har tela ya leƙo yana murmushi.
Iya ta aiko da kunun gyaɗa a jarka, da saƙo:
markaɗenmu kyauta ne har ƙarshen damina,
in dai muna da abin markaɗawa.

Mutum-mutumin Nafi'u har yau ƙafa ɗaya gare shi.
An koma aji. Malami na zana haƙoran ƙarfe a allo,
ni ina kallon tabon ƙuna a babban yatsana,
ɗan mitsitsi, bai wuce ƙwayar gero ba,
hancina cike da ƙaurin yashi mai zafi.
Ruwa ya tsinke a waje.
Ko wa zai tuna da bokitan nan uku?